Daga PZ Zuwa Samaru: Darasin Rancen Karatu

Unguwar PZ ta samo sunanta ne daga kamfanin Paterson Zochonis. A zamanin Turawa irin waɗannan kamfanoni kan ba dillalan gyaɗa da auduga jari bashi, wanda ya cika alkawari a ƙara masa baɗi.

Shekara goma bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wato a 1972, gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa suka karɓi digiri ba su biya ba, har hukumar ta durƙushe. A 2024 asusun NELFUND ya farfaɗo da tsarin.

'Yan'uwa mazauna birane, mu ja kunnen 'ya'yanmu: abin da mai digiri ya biya yau, da shi ƙanensa zai yi karatu gobe.