Daga Garki Zuwa Soa: Tarihin Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro

Duk wanda ya tashi a Briketeri ya san halin damina. Ruwa ya kwanta a lunguna, sauro ya yi yawa, gidaje su cika da yara masu zafin jiki. Kakanninmu da suka zo Yawunde fatauci sun kira ciwon masassara, suna dafa ganyen darbejiya da na gwanda, in yaro ya shiga taune-taune a ce iska ce. Ba su san ƙwayar da ke cikin jini ba, domin ido ba ya ganinta.

A 1880 likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya hango ƙwayar a jinin wani majinyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Daga nan aka zaci kashe sauro zai kawo ƙarshen magana.

Ƙasar Hausa ce ta gwada wannan zato. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban bincike a ƙauyukan Garki, a Jihar Kano ta lokacin, wadda yanzu take cikin Jigawa. Aka yi feshi a ɗakuna, aka raba magani ga jama'a. Ciwon ya ragu ƙwarai, amma da aka dakatar da aikin ya dawo. Garki ta nuna cewa feshi da ƙwaya kaɗai ba za su raba mu da shi ba.

Sai dai haɗa rigakafi ya yi wuya, saboda ƙwayar tana sauya kama: siffarta a hanta daban, a jini daban. A 1987 masanan kamfanin da yau ake kira GSK suka haɗa allurar RTS,S, wadda ke koya wa jiki tare ƙwayar kafin ta shiga hanta. Daga 2009 zuwa 2014 aka gwada ta a kan yara kimanin 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai. Gana, Kenya da Malawi suka fara ba da ita a 2019, kuma mace-macen yaran da suka isa karɓa ya ragu da kashi 13 cikin 100. A Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, bayan shekara 34.

Kamaru ce ƙasa ta farko da ta sa ta cikin jerin alluran yara na yau da kullum bayan wancan gwaji. Allurai 331,200 suka sauka a filin jirgin Nsimalen a Nuwamba 2023, aka ƙaddamar da aikin a Soa, nan gefenmu, ranar 22 ga Janairu 2024, a gundumomin lafiya 42. Nijar ta biyo baya a Gaya cikin shekarar, Najeriya kuma ta fara a Kebbi da Bayelsa da allura ta biyu, R21, wadda Jami'ar Oxford ta haɗa.

Mun san tsoron allura yana da tarihi a cikinmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, cutar ta bazu har ta ƙetaro iyaka, yaran da suka shanye su suka biya kuɗin. Tambaya haƙƙin iyaye ce, amma a kai ta wurin ma'aikacin lafiya, ba majalisar bakin titi ba.

Gaskiyar ita ce allurar ba ta hana ciwon gaba ɗaya. A gwaji ta rage kamuwa da kusan huɗu cikin goma a tsawon shekara huɗu. Don haka gidan sauro yana nan daram. Sau huɗu ake yin ta, kyauta: a wata 6, 7, 9 da 24. Ta huɗun ce aka fi mantawa, alhali ita ke tsawaita kariya. Uwa ta adana katin yaro, uba ya tambayi asibiti mafi kusa ko allurar ta iso. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.