Tik-tak ɗin sigina: daga ina ya fito, kuma me ya sa ba ma jin sa a hanyar Falgore?

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata 'yar ƙara da kowa ya sani amma ba wanda ya damu da ita: tik-tak ɗin nan da mota ke yi in direba ya sa sigina. Fitilar sigina da ke waje ta mutanen titi ce, ƙarar da ke ciki kuwa ta direba ce shi kaɗai, aikinta ta tuna masa cewa yana faɗa wa jama'a wata magana. To a motocinmu na haya, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, wannan ƙara ta nutse cikin hayaniya. Ni a ganina ƙara mata ƙarfi gyara ne mai araha da zai iya tsare rai. Amma bari mu fara daga tushe.

Da aka fara ƙera motoci babu sigina sam. Direba hannunsa yake fitarwa ta taga, in ruwa ake ya jiƙe, in dare ne ba mai ganinsa. A 1914 wata 'yar fim haifaffiyar Kanada da ke aiki a Amurka, Florence Lawrence, ta ƙirƙiro wani ɗan hannu da ake maƙalawa a bayan mota, in ka danna maɓalli sai ya ɗaga ya nuna inda za ka juya. Ba ta yi rajistar ƙirƙirar da sunanta ba, don haka ko sisi ba ta samu ba.

A Turai irin wannan hannun ne ya yaɗu. Yana kwance a jikin mota kusa da ƙofa, in an kunna ya miƙe da 'yar fitila a cikinsa. Turawan Ingila tirafiketo suke ce masa, kuma irin motocinsu aka riƙa shigo mana da su lokacin mulkin mallaka. Shi ya sa har gobe in ka je Kudu za ka ji direba yana kiran sigina da wannan sunan, alhali hannun ya daɗe da ɓacewa. Motar Volkswagen, ƙwaron nan da iyayenmu suka sani, sai wajen 1960 ta rabu da shi a Turai.

Fitila mai ƙiftawa kuma daga Amurka ta bunƙasa. A 1939 kamfanin Buick ya fara fito da motocinsa da sigina mai ƙiftawa a baya, a 1940 ya ƙara na gaba, ya kuma sa mata abin da ke kashe ta da kanta in sitiyari ya dawo daidai. A nan ƙarar ta samo asali, kuma ba wanda ya zauna ya tsara ta. Abin da ke sa fitilar ƙiftawa ɗan ƙarfe ne siriri, da aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta. In wuta ta bi ta cikinsa ya yi zafi, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, sai ya lanƙwashe ya katse wutar: tik. In ya huce ya koma ya haɗe: tak. Kun ji, ƙarar ƙarfe ce kawai yana aikinsa. Shi ne masu wayarin suke kira filasha.

Sai direbobi suka saba, kunne ya zama yana tuna wa hannu. Daga baya aka sauya ƙarfen da wani filasha mai maganaɗisu, shi ma yana yin ƙarar. A motocin zamani kuwa kwamfuta ce ke kunna fitilar tana kashewa, ba abin da ke motsi balle ya yi ƙara. Me kamfanoni suka yi? Sai suka sa 'yar lasifika a bayan dashbod tana kwaikwayon tik-tak ɗin. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota ma ta wajabta a sami alamar da za ta sanar da direba cewa siginarsa na aiki, ko ta gani, ko ta ji, ko duka biyun, kuma ta ce ƙiftawar ta tsaya tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. Abin da ya fara da tsautsayin ƙarfe ya koma doka, don an gane amfaninsa.

Mu dawo gida. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, kamar maƙwabtanmu Nijar da Kamaru da Chadi da Dahomey, wato Benin ta yanzu. Sitiyari ya koma hagu, tagar da direba ke fitar da hannu ta sauya, kwanar da ke da haɗari ma ta sauya: yanzu mai juyawa hagu ne ke tsallaka layin masu tahowa. A daidai wannan lokaci ake gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, ƙarƙashin gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Noma ya ƙaru, motoci suka ƙaru, titunanmu suka cika. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, kuwa sai a 1988 aka kafa ta, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Lissafa ku gani, shekara 16 tsakanin sauya hannu da kafa hukumar.

Kuma direbobinmu da kansu sun ɗora wa sigina wasu ma'anonin da ba a rubuta a littafin tuƙi ba. Direban babbar mota yakan yi amfani da ita ya gaya wa na baya ya wuce, ko ya dakata akwai mota a gaba. Wani in zai miƙe a mararraba sai ya kunna duka biyun. Ke nan a wajenmu sigina zance ce tsakanin direbobi, kuma na baya yana ɗaukar ta da gaske.

To a nan matsalar take. Ɗauki hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta nufi Doguwa da Saminaka. Layi ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa, ga lanƙwasa, ga motocin masara da shinkafa da kaka. Direba ya sa sigina ya kauce wa rami ko ya wuce mai babur. Sitiyarin bai juya sosai ba, don haka abin da ke kashe ta bai kama ba, in ma bai riga ya cinye ba saboda tsufa. Siginar ta ci gaba da ƙiftawa shi bai sani ba. Na baya ya karanta ta a matsayin izini ya fito zai wuce. Ko mai babur da ke jira a bakin kwana ya ga mota ta nuna za ta shiga, ya ce ai ba za ta iso ni ba, ya hau titi. Siginar da aka manta a kunne ƙarya take yi da sunan direba. Gara ma wanda bai sa ba, don shi kowa yana taka-tsantsan da shi.

Me ya sa direban bai ji ba? Ku tuna cikin Golf ko Sharon ɗin da muke hawa. Gilashi a sauke saboda zafi, iska na kaɗawa, rediyo na yi, fasinjoji na musun siyasa, bodin mota na nasa kukan. Filashar tana can a ɓoye ƙarƙashin dashbod wajen fis. Koriyar kibiyar da ke gaban direba hasken rana ya dusashe ta, ko ƙwanta ya mutu tun tuni. Ga dattawan direbobi da shekaru da ƙarar inji suka rage musu ji. An ƙera tik-tak ɗin ne don mota mai rufaffen gilashi a kan titi mai santsi, mu kuwa ba haka muke tafiya ba.

Gyaran ba wani abu ba ne mai wuya a wajen ƙwararren mai wayarin. A tsofaffin motoci, hanya ta farko ita ce a cire filashar a sa wata mai ƙara sosai, in bakinsu ɗaya ne. Ta biyu, a haɗa 'yar buza mai volt 12, ko volt 24 in babbar mota ce, da wayoyin siginar hagu da dama. Amma a tabbata an sa diyod a kowace waya, in ba haka ba wuta za ta tsallaka fitilun biyu su kama tare. A ajiye buzar kusa da direba, kuma kada ƙararta ta yi yawan da zai gaji ya tsinke ta. In motarka ta zamani ce, kada ka bari a yanka waya da ka. Wasunsu ana ƙara sautin ne daga saitin dashbod, a fara duba nan. Masu babur su ma abin ya shafe su, har ya fi, don yawancin babura ba sa kashe sigina da kansu. Sannan in ka ji tik-tak ɗinka ya koma sauri-sauri, a yawancin motoci alama ce ƙwai ɗaya ya mutu, ka tsaya ka duba.

Ban ce buza za ta cike ramin titi ko ta hana gudun wuce sa'a ba. Waɗannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati da direbobi, kuma ba za mu daina magana a kansu ba. Amma wannan a hannunmu yake, ba sai mun jira kasafin kuɗi ba. Ƙungiyoyin matasa na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ku zauna da shugabannin NURTW na tashoshinku, a ware rana guda a kira masu wayarin su bi motoci ɗaya bayan ɗaya, a duba ƙwai, a duba filasha. Kai kuma fasinja, in kana gidan gaba ka ga kibiya tana ƙiftawa a miƙaƙƙiyar hanya, kada ka ji nauyi, ka ce: "Direba, siginarka na kunne." Ranka ne a ciki.

Direbobi da masu wayarin da ke bibiyarmu, ku faɗa mana a ƙasa yadda kuke karanta siginar manyan motoci a yankinku, hagu ce wuce ko dama, mu ga ko bakinmu ɗaya. Ku tura wa direban gidanku. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.