Rubutun da Kirilu Bai Taɓa Gani Ba

A shekarar 863 Sarkin Rumawan Gabas, Mika'ilu na Uku, ya tura 'yan'uwa biyu, Kirilu da Metodiyas, zuwa Morabiya, inda Sarki Rastislaf ya nemi masu wa'azi da harshen Silabawa. Kirilu ya ƙirƙiro haruffa, suka fassara littattafan ibada daga Girkanci. Limaman Jamus, masu ibada da Latin, suka ƙi lamarin. Metodiyas na rasuwa a 885 aka kori almajiransa.

Korar ce ta yi rana. Bulgeriya ta karɓe su, a can aka gina sabon rubutu bisa baƙaƙen Girkanci. Daga baya aka laƙaba masa sunan Kirilu, alhali tun 869 ya rasu a birnin Roma. Da wannan rubutun Rashawa ke aiki har yau.