Dogon hutu a Yelwan Yawuri: Abin da iyali ya kamata su sani kafin kai yara bakin ruwa

Dogon hutun makarantu a arewacin Nijeriya yakan fara ne a ƙarshen watan Yuli, ya ƙare a cikin Satumba. A wannan tsakani ne ma'aikata da 'yan kasuwa mazauna Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna da Abuja kan kwashi iyalansu zuwa ganin gida. Ga waɗanda gidansu ko gidan surukansu yake ƙasar Yawuri, hutun yana faɗowa daidai lokacin da damina ta kankama, kogi ya fara cika, sauro kuma ya yawaita. Ziyarar tana da amfani mai yawa ga yara, amma sai an tsara ta bisa yanayin ruwa.

Inda Yelwa take

Yelwa ita ce hedikwatar Masarautar Yawuri a kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. Garin yana gaɓar gabas ta Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, a wajen da kogin ke buɗewa ya zama Tafkin Kainji. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yawuri, Shanga, da Ngaski mai hedikwata a Wara. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega da Koko ita ce ta bi ta Yelwa ta wuce Kwantagora.

Tarihin da yaro zai iya gani da idonsa

Yawuri na cikin ƙasashen da littattafan tarihi ke lissafawa a jerin Banza Bakwai. Tsohuwar fadarta Birnin Yawuri ce, wadda yanzu take Ƙaramar Hukumar Ngaski, kafin sarauta ta koma Yelwa a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi. Sarkin Yawuri na yanzu, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon Shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya kuma hau gadon sarauta a 1999.

Ɗan firamaren da ya ji sunan Mungo Park a aji zai so ya san cewa Baturen ya ratsa ta Yawuri a jirgin ruwa, kafin ajali ya cim masa a Busa a 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun zo fadar Yawuri neman takardun da ya bari.

Mutanen ƙasar sun haɗa da Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, da Shangawa, Kambari, Dukkawa, Lopawa, Hausawa da Fulani. Sunan Gungawa daga kalmar gungu ya samo asali, wato tsibiri, domin a tsibiran kogin suka zauna suna su da noman albasa.

Yadda tafkin ya samu

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Madatsar tana cikin Jihar Neja, amma ruwan da ta tare ya miƙe arewa tsawon fiye da kilomita 130 har ya iso Yelwa. Ruwan ya shafe tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Dattawan da suka ga wannan ƙaura suna nan da ransu, kuma hira da su ta fi kowane littafi amfani ga jikokinsu.

Abu guda da wannan tarihi ya bari shi ne kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. Har yau suna cikin abubuwan da ke fasa jiragen ruwa a tafkin.

Cikar kogi biyu

Kogin Neja yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko ta ruwan daminar nan kusa ce, ruwa mai laka da ƙarfin gudu, wanda ke tasowa daga Agusta ya kai ƙololuwa wajen Satumba zuwa Oktoba. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, sannan ya iso nan da sanyin hunturu, ya tace ya yi duhu. Masana suna kiran ta farko farar cika, ta biyu baƙar cika.

Ma'anar wannan ga mai hutu ita ce, makonnin ƙarshe kafin komawa makaranta su ne lokacin da ruwa ke hauhawa, gaɓa ke zaizayewa, hadari kuma ke tasowa da iska ba zato. 

Shiga jirgin ruwa da yara

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne kuma suka tsira. Lodi fiye da ƙima da tsufan jirgi na cikin dalilan da hukumomi suka bayyana. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta haramta tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya ga kowane fasinja. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, ta sha raba irin waɗannan riguna a garuruwan bakin tafkin.

Ga mai ƙananan yara, ƙa'idojin ba su da yawa. A shiga da hantsi, a dawo kafin la'asar. Kada a hau jirgin ranar kasuwa da aka cika da buhuna, babura da dabbobi. Rigar babba ba ta riƙe yaro, takan zame ta kansa idan ya faɗa ruwa, saboda haka gara a sayo daidai jikinsa tun daga birni. Kowane yaro ya kasance a hannun babba guda da aka ambata da suna, domin yaron da aka bar wa kowa, babu mai kallonsa. Uwa ta kwance goyo ta riƙe a gaba. Idan hadari ya haɗu, a fasa tafiyar.

Zazzaɓi da tsargiya

Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Nijeriya, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Akwai kuma maganin rigakafi na damina da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata. Mai tafiya ya tuntuɓi asibitin unguwarsu don kada yaronsa ya tsallake zagaye. Gidan sauro mai magani ya shiga jaka tun kafin kayan sawa.

Tsargiya kuwa ana ɗaukarta ne a ruwa mara zurfi mai ciyayi, inda ƙananan katantanwa ke zama. Ƙwayar tana shiga ta fata yayin wanka ko wasa. Alamarta, wato jini a fitsari, takan bayyana bayan makonni, lokacin da yaro ya riga ya koma aji, iyaye kuma sun manta da hutun. Tana warkewa da magani idan an je asibiti an faɗi inda yaron ya yi wanka. Ruwan sha kuma a tafasa shi, domin damina ce lokacin amai da gudawa.

Hanya da tsaro

Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka sace ɗalibai da malamai, waɗansu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Yanayin tsaro yana sauyawa daga wata zuwa wata, musamman a ƙauyukan Ngaski da Shanga da ke nesa da babbar hanya. A tambayi 'yan'uwa na can da direbobin tasha a ranar tafiya, a fita da safe, a isa da rana.

Abin da ya dace da kowane lokaci

A damina, yaro zai ƙaru ba tare da ya taka ruwa ba. Zai ga masunta suna sauke giwan ruwa, ƙarfasa, tarwaɗa da ƙurungu da safe, ya ga yadda ake banda, yadda ake gyaran koma da yadda ake haɗa jirgin katako, ya ga fadamun shinkafa da ƙofar fada, ya gaida dangi.

Wasan Rigata, inda ake tseren jirage da ninƙaya, wanda ake danganta asalinsa da farautar dorina da jaruman Gungawa ke yi, da rani ake gudanar da shi. Haka ma Gandun Dajin Tafkin Kainji, da rani ake ganin namun dajinsa, bayan ciyawa ta kwanta, shi ma sai an bincika halin tsaro. Mai son waɗannan sai ya jira bayan damina.

A ƙarshe, a dawo gida aƙalla mako guda kafin buɗe makaranta. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, saboda haka duk yaron da jikinsa ya yi zafi bayan dawowa, a kai shi gwajin jini a ranar, kada a jira gobe.