Kukan Da Ba Na Yunwa Ba: Tarihin Jariran Da Ake Haifa Da Kewar Ƙwaya

Yau tarihin wani irin kuka za mu bi: kukan jariri mai tsini, wanda nono ba ya tsayar da shi, goyo ma ba ya tsayar da shi.

A 1875 likitoci a Jamus suka fara rubuta labarin jaririn da aka haifa jikinsa ya riga ya saba da mofin, maganin kashe zafin ciwo da ake samu daga ofiyom. Ga yadda abin yake: abin da mai ciki ta sha yakan ratsa mabiyiya ya isa jinin ɗan da ke cikinta. Wata da watanni jikinsa na sabawa. Ranar da aka yanke cibiya, shi kenan, an katse masa. Sai kakkarwa, atishawa, hamma, gumi, zawo, ƙin kama nono, wani lokacin har jijjiga. A wancan zamanin da yawansu mutuwa suke yi. Sai a farkon ƙarni na 20 aka gano cewa in an ba jaririn maganin ɗan kaɗan, ana ragewa a hankali, yana rayuwa.

A 1975 wata likitar yara a Amurka, Loretta Finnegan, ta fito da ma'aunin da ake duba tsananin alamun da shi. Da annobar ƙwayoyin kashe ciwo ta mamaye Amurkan, an ƙiyasta cewa a 2014 duk minti 15 ana haifar jariri guda mai wannan matsala.

To, me ya haɗa mu da wannan? Kodin da tiramol. Dukkansu aiki irin na mofin suke yi a jiki. Wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya tace kodin daga ofiyom a 1832. Tiramadol kuma a Jamus aka fara sayar da shi a 1977. A 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shan kwalaben maganin tari mai kodin kusan miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki binciken da ya tona cinikin, ranar 1 ga Mayu kuma Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi. Binciken ƙasa da aka fitar a Janairun 2019 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, kuma cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce. Mace kuwa tana aure, tana ɗaukar ciki.

Yanzu mu dawo gida, mu ɗauki Bagwai. Ƙasar noma ce, damina a gona, rani a bakin madatsar ruwan Watari. Kowa ya san yadda a Arewa tiramol ta yi suna a matsayin maganin gajiya wajen masu aikin ƙarfi. Kuma hanyar da take bi ta shiga ɗaki ba doguwa ba ce: mai ciki ta wuni tana surfe da ɗiban ruwa, baya ya riƙe, a miƙo mata ƙwaya ɗaya. Gobe ma haka. Ba ta taɓa ɗaukar kanta 'yar maye ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Alamun sukan bayyana ne cikin kwana ɗaya zuwa uku da haihuwa, wani lokacin su ɗan jinkirta. Wato daidai satin da mai jego ke ɗaki, ana wankan jego, ana shirin suna. In a gida aka haihu, ungozoma da kaka ne ke kallon jaririn. Sai a ce ciwon ciki ne, ko baki, ko iska. Uwar da ta san abin da ta sha kuma kunya ta rufe mata baki.

Darasin shekara 150 ɗin nan guda ne: jariran sun fara tsira ne lokacin da mai magani ya san abin da uwa ta sha. Yau ma a manyan asibitocin duniya, matakin farko shi ne uwar kanta: ɗaki mara hayaniya da haske, a naɗe jariri, a kwantar da shi a ƙirjinta, a ciyar da shi kaɗan-kaɗan. Magani sai in hakan bai wadatar ba, kuma a hannun likita kawai.

Don haka 'yar'uwa, in kina da ciki kuma jikinki ya saba, kada ki yanke lokaci guda. Hakan na iya cutar da cikin. Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo. Maigida, uwar miji, in ta faɗa muku, ku raka ta asibiti, ku bar gorin. Jaririn da ke jijjiga ko ya ƙi nono kuwa, ba a jira sai an yi suna.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba.