Sifar Fifiko ta Ingilishi a Bakin Yaran Hausawa na Ogbete: Waiwaye a Kan Tarihi

Duk malamin da ya taɓa koyar da Ingilishi a firamare ya san darasin nan da ake rerawa kamar karatun allo: tall, taller, tallest, good, better, best. Yara kan haddace shi cikin kwana biyu, amma da an ce su gina jumla sai a ji "most tallest" ko "the best than all". Wannan maƙala za ta dubi asalin matsalar a tsakanin yaran Hausawa mazauna Ogbete ta Inugu da takwarorinsu na Anacha da Fatakwal, domin halin da suke ciki ya sha bamban da na yaron Kano wanda akasari shi ake hange idan ana tsara manhaja.

Zaman Hausawa a Anacha ya girmi zuwan jirgin ƙasa, domin fatake Hausawa da Nufawa sun daɗe suna gangarowa ta kogin Kwara. Inugu da Fatakwal kuwa kwal ne ya haife su. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Ogbete, wadda ake kira Coal Camp, unguwar leburorin haƙar kwal ce tun asali. Da layin ya miƙa Arewa ta Makurɗi, sai dillalan shanu da mahauta da masu hatsi suka yi ta sauka, har unguwanninsu suka sami sunan Ama Awusa a bakin 'yan ƙasa. Cuɗanyar ta yi zurfin da a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tarwatsa wannan zama, bayan yaƙi aka dawo aka sake ɗaura shi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, yaron da ya tashi a nan ba a aji yake fara jin Turanci ba. Hausa yake ji a gida, Ibo a bakin maƙwabta, Turancin buroka a kasuwa da tasha, musamman a Fatakwal inda buroka ta zama harshen kowa. Waɗannan harsuna uku kuwa, duk da cewa ba dangin juna ba ne, hanya ɗaya suke bi wajen nuna fifiko, wato amfani da aikatau mai ma'anar zarcewa. Bahaushe ya ce "Audu ya fi kowa tsayi". Ibo yana da ka da kacha, kamar a "ọ kacha mma", wato ya fi kyau duka. Mai buroka ya ce "na im tall pass". Ingilishi ne kaɗai baƙo a cikinsu, domin shi ɗafa-ƙeya yake liƙa wa sifa, -er ko -est, ko ya gabatar da more ko most idan kalmar ta yi tsawo. Ke nan shaidu uku ne a kunnen yaro suke gaya masa abu guda, littafin makaranta yana gaya masa wani.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan zurfi. A Hausa, kalmomin tsayi da nauyi da kyau sunaye ne, ba sifofi ba, kuma aikatau fi ba ya sauya siga ko mutum biyu ake gwadawa ko ɗari. Abin da ya biyo bayansa ne ke rarrabewa: "ya fi Musa", "ya fi kowa". Saboda haka yaro bai ga dalilin da zai sa taller da tallest su zama abubuwa biyu ba, sai ya ɗauko than daga ɗaya ya manna wa ɗaya. Idan kuma malami ya fassara masa most da mafi, to ya buɗe ƙofar "most tallest", tunda mafi na shiga gaban kowace kalma, gajere ko doguwa.

Tun da mishan na CMS suka sauka Anacha a 1857 ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther, makarantun Gabas suka ginu a kan hadda. Littattafai irin su First Aid in English da Brighter Grammar, waɗanda suka daɗe a hannun ɗalibai, jeri suke bayarwa na kalmomi uku-uku, kuma ba don mai tunani da aikatau fi aka rubuta su ba. Buroka kuwa, bulala ko tara ce ladan mai yin ta a aji. A nan ya kamata a tuna cewa ninka fifiko ba baƙon abu ba ne ga Ingilishin kansa: ana samun sa a rubutun Shakespeare, sai a ƙarni na 18 masu nahawu irin su Robert Lowth, wanda littafinsa ya fito a 1762, suka haramta shi. Ba ana cewa a ƙyale yara su yi ba ne, jarrabawa ba za ta ƙyale su ba. Ana dai cewa kuskuren yana da tsari, ba daƙiƙanci ba ne.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara karatu da harshen uwa ko harshen al'ummar da ake zaune cikinta. Ga yaron Ogbete, wannan na nufin Ibo a takarda, Ingilishi a aikace, Hausarsa kuwa ba ta da kujera a aji. A 2022 aka faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa shekara shida na firamare, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta janye, ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Duk wannan kai-komo bai taɓa tambayar da ke gabanmu ba, wato yadda za a yi amfani da abin da yaro ya riga ya sani.

A ganin mai wannan rubutu, jerin haddar bai kamata ya zama mafari ba. A tsayar da yara biyu a gaban allo, a bar ajin ya faɗi wanda ya fi tsayi da duk harshen da ya zo bakinsa, har da "tall pass", sannan a ba su taller than. A ƙaro na uku da na huɗu, a nuna cewa inda Hausa ta sa "kowa", nan Ingilishi ke sa the da -est, ya kuma yar da than. More da most su jira har wannan ya zauna, kuma kada a haɗa su da mafi a darasin farko. Su good da bad, waɗanda ba su bin ƙa'ida, su kaɗai suka cancanci hadda, kuma ba su kai cikin cokali ba.