Fada, Faɗa da Pale: Tarihin Tsaro a Bakin Mutanen Damagaram

Ƴan'uwa ɗalibai, mu masu karatun kimiyyar harshe an koya mana cewa ƙugiya ɗaya tana raba kalmomi biyu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne fada da faɗa: ta farko gidan sarki ce, inda ake kashe rigima, ta biyu kuwa rigimar ce da kanta. Ni ɗan Zermu ne, cikin gundumar Mirriya. Ina so in bi tarihin tsaron ƙasarmu ta sunayen da mutane suka laƙaba wa masu riƙe da sanda, sannan in taɓo wani aiki da nake ganin namu ne amma mun bar wa baƙi.

Mu fara da dogari. Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a nan gida. A zamaninsa dogarai ne ke kamo ɓarawo, su kai saƙon sarki, su zartar da hukuncin alƙali. Kada mu yi wa lokacin kwalliya fa, zamani ne na yaƙi da cinikin bayi da hukunci mai tsanani. Sai dai talaka ya san ƙofar da zai kai kuka, daga mai gari har zuwa fada, kuma da bakinsa zai yi bayani.

A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. Shekara na zagayowa, a Yuli 1899, sojojin Faransa suka ci rundunar Sarki Ahmadu Kuran Daga a Tirmini. A 1906 suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa bisa zargin ƙulla makirci, aka zauna ba cikakken sarki har 1923, kuma a 1926 aka mai da babban birni Yamai. Ku dubi kalmomin da suka shigo bakinmu a wannan tsakani: kwamanda, gardi, kaso. Dokar indijena ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba, gardi kuma shi ke zuwa ƙauye neman haraji da majiya ƙarfi don aikin tilas. Sai a 1946 aka soke dokar da aikin tilas ɗin. Abin da ya canja ke nan: hukuma ta koma magana da harshen da talaka ba ya ji, tsakaninsa da ita sai tafinta. Har gobe a ƙauyukanmu in aka ce wa tsoho ana kiransa jandarmari, gabansa faɗuwa yake ko da shaida kawai zai bayar.

To, samari fa? Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya, ya mai da ita hannun gwamnati a kowace unguwa. Da aka yi babban taron ƙasa a 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu, samariya ta lafa, sai ga matasa suna taruwa bakin titi da butar shayi, suna kiran mazauninsu fada, har da shugaba da ma'aji. Daga baya wasu gungu suka fito da sunan pale, wato fada da Faransanci. Su ne aka sani da ɗaga ƙarfe da riƙe adda da faɗan unguwa da unguwa. Kun ga abin lura? Yaron da ba lakwal, ba sana'a, ba wanda ke tambayar ra'ayinsa, da ya tashi raɗa wa ƙungiyarsa suna sai ya ce gidan sarki. A ganina wannan suna ƙorafi ne: yana neman wurin da maganarsa ke da nauyi.

Ranar 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a Zinder, aka rasa rayuka. Bayan haka masu bincike suka yi ta zuwa, hukumar OIM ma ta fitar da rahoto kan matasan garin. A 2021 Aicha Macky, ƴar garin, ta fito da fim ɗinta mai suna Zinder, inda ta bar samarin Kara-Kara suka yi magana da bakinsu. Wanda ya kalle shi ya san an saki jiki da ita ne don ta iya tambaya da harshen gida.

Nan ne aikinmu yake. Takardar tambayoyi za ta zo da kalmar Faransanci guda ɗaya, alhali mu muna da faɗa, rigima, cin zali, tashin hankali, ta'addanci, har da horo, wanda uba ba ya lissafa shi cikin laifi. In mai fassara ya zaɓi wadda ba ita ba, amsa ta karkace, rahoto ya karkace, shawarar da za a kai wa gwamnati ita ma ta karkace, ƙarshenta a aiko da mota cike da masu kulki inda sulhu ya isa.

Kuma aikin yana da ƙofofi. Akwai cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, mai binciken yadda ma'aikatu ke tafiya a zahiri. Akwai hukumar ƙarfafa zaman lafiya, HACP. Akwai kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. A wajenmu Zermu, rigimar da ta fi tayar da hankali ita ce ta ɓarnar gona da kaka, kafin ranar sakin gonaki. Mai gari da sarkin kanto sun daɗe suna kashe irinta, amma kalaman da suke sanyaya zuciya da su, da yadda ake kimanta diyya, duk a ka suke.

Jami'armu tana ɗauke da sunan André Salifou, wanda ya wallafa tarihin Damagaram a 1971 yana dogaro da abin da tsofaffi suka ba shi. Shawarata ita ce kowane ɗayanmu, hutu mai zuwa, ya nemi izinin mai garinsu ya zauna zaman sulhu ko da uku, ya rubuta kalmomin da aka yi amfani da su, ba tare da sunan kowa ba. In muka haɗa na Zermu da na Mirriya da na Birni da na Kara-Kara, mun samu abin buga ɗan littafi na gaba, kuma wani cikinmu ya samu batun kundin kammala karatunsa.